Sakiyar da Na Yi wa Tafisu

Dauran, 14 ga Satumba, 2021

Yaya Mudi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Naja'atu da yara, da hidimar kasuwar Shinkafi. Tunda aka katse layin waya, ga ni na koma biro da takarda kamar zamanin Baba, Allah ya jiƙansa.

Karyar farautarsa ce, Tafisu, ba lafiya. Wani ƙululu ya fito mata a nonon baya. Da kamar ƙwayar gyaɗa yake, yanzu ya kai ƙwan zabo, ga tauri. Ka san ita ce kunnen unguwarmu. Ranar da 'yan bindiga suka ɓullo ta gonakin yamma da la'asar, haushinta ne ya sa mutane suka yar da fartanya suka tsira. Ina so in kai ta wurin likitan dabbobi a Kaura, amma kai ne babba. Me ka ce?

Ƙanwarka,
Salima

Dauran, 9 ga Oktoba

Yaya Mudi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, takardarka ta iso. Ka ce maruru ne, a yi masa sakiya kamar yadda Baba yake yi, kada 'yar mafarauci ta zama abin dariya tana yawo da kare asibiti. Na bi maganarka.

Wanzami ya ce shi ba ya taɓa kare. Ni na ɗauko kibiyar Baba na sa a wuta har ta yi ja. Tafisu ta kwanta mini da kanta, don ta yarda da hannuna. Na soka, Yaya, babu mugunya ko ɗigo, sai jini. Yanzu wurin ya buɗe, yana wari, ƙudaje sun hana ta sakat, har tari take yi.

Na roƙi Alhaji Faruku ya ɗauke mu a motarsa, ya ce ba ya ɗaukar najasa. 'Ya'yansa uku suna cikin waɗanda haushin najasar ya fitar daga gona. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ɓoye masa ba.

A gaida yara.
Salima

Dauran, 23 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah ya sa kuna lafiya. Ni dai da sauƙi.

Jaji mai fataucin awaki ne ya tausaya, ya kai mu Kaura a bayan motarsa. Likitan ya daɗe yana lalube. Ya ce ciwon daji ne na nono, kuma yana yawan kama tsofaffin karnuka mata. Wani ƙululun yakan tsaya wuri ɗaya, wani yakan yaɗu. Nata mai yaɗuwa ne. Ya nuna mini kaluluwar da ta fito mata a matsematsi, ya ce tarin nan alama ce ya kai huhu. Da na kawo ta tun farko, da ya yanke shi, wataƙila ta ƙara shekaru. Har ya tambayi wanda ya ƙona wurin.

Ya yi mata allurar da za ta hutar da ita, ta mutu kanta yana kan cinyata. Na rufe ta a gindin tsamiyar gonar Baba. Babu wanda ya ce mini sannu. Amma jiya Alhaji Faruku ya aiko, wai ko ta bar ɗan kwikwiyo, don masu yankan gero sun ƙi shiga gonarsa ba kare. Na ce ba ta bari ba.

Ba kai kaɗai nake jin haushi ba. Kai ka faɗa daga nesa, amma hannuna ne ya soka, don na ji tsoron dariyar mutanen da ko sannu ba su iya ba. Na ba wani direban motar Shinkafi kibiyar Baba a naɗe cikin tsumma, ya kawo maka. Kai ne babba, ka ajiye ta. Ni ba na iya kallonta.

Ƙanwarka,
Salima