Tushen Ɗakin Tumatir

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ciwon bayan ya lafa. Takarda na rubuto saboda a waya sai in yi ta ihu kana cewa "me?", maƙwabta su ji zancen kai ba ka ji ba.

Tun da na ajiye aikin asibiti zaman ya ishe ni. Na sayi ɗakin shuka, irin mai ƙarafa da rufin roba mai haske, wanda ake renon tumatir a ciki ba ruwansa da ƙwari. Zan kafa shi a bayan gidan Baba, inda tsohuwar katanga ta faɗi, tunda shekara ashirin da takwas ke nan ba abin da ke wurin sai ciyawa. Masu sayarwa sun ce sai an yi masa tushe na kankare, in ba haka ba iska ta ɗauke shi. Tsawonsa ƙafa goma sha biyu, faɗinsa takwas. Na samu wani dattijon lebura, ni zan tsaya a kansa. Yaya zurfin zai kasance, kuma yaya ake haɗin kankaren? Kai ne maginin gidanmu, shi ya sa na tambaye ka.

A gaida yara. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Na karanta takardarki sau biyu don in tabbata ba idona ke yi mini wasa ba. Ɗaki za ki gina wa tumatir! Sai ki sa masa katifa da labule. Mutane na neman inda za su kwantar da haƙarƙarinsu, ke kina yi wa kayan miya masauki.

Kuma wai ke za ki tsaya a kan aikin. Hannun da bai taɓa ɗaga abin da ya fi sirinji nauyi ba. Na san inda kika ɗauko wannan cutar, wajen marigayi mijinki ne, Allah ya jiƙansa. Shi ma don ya riƙe alli a gaban yara sai ya ɗauka ba abin da ya gagare shi. Ya naɗe hannun riga ya kwaɓa mini siminti kamar yana dama kunun jarirai, wata uku katanga ta sauko wa Baba a ƙafa. A daidai wurin nan za ki maimaita?

Tunda kin nace, ga shi. Ki kafa turaku huɗu ki ja igiya. Ki auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta tsallake, in biyun ba su zo daidai ba ɗakinki ya karkace. A haƙa ƙafa biyu, sai an taɓa ƙasa mai tauri. Wanda ya haƙa ƙasa da haka ba magini ba ne, mai haƙa wa mutane kabari ne. Haɗi kuwa siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A yi ta ba shi ruwa kwana bakwai. In ya rushe kar a ambaci sunana.

Yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa, kamar yadda aka koya mini in yi wa na gaba da ni.

Na bi umarninka. Igiya ta zo daidai. A ɓangare uku mun haƙa ƙafa biyu ba matsala. A na huɗun, ta gefen tsohuwar katanga, diga ta doki wani abu har tartsatsi ya tashi. Tushen katangarka ne, yana nan kwance yadda ka bar shi.

Kwana biyu dattijon nan yana dukan simintin da ke tsakanin bulon, sai da ƙotar diga ta tsage. Ya share gumi ya ce, "Uwar gida, wanda ya kwaɓa wannan ya san abin da yake yi." Da muka tone gefensa sai na sa hannuna na auna. Taƙi ɗaya, Yaya. Taƙina, na mace mai riƙe sirinji. Ba kankare a ƙarƙashi, ba tsakuwa, bulo ne kawai aka jera a kan ƙasa mai laushi kamar ana shanya shi.

Kai ka ja igiyar ranar, kai ka ce zurfin ya isa. Ina tsaye da butar ruwa, na tuna.

Baba ya yi shekara tara yana jan ƙafa, ya rasu bai ƙara amsa gaisuwar mijina da baki ba, sai dai ya gyaɗa kai. Duk taron gida mijina yana can bakin ƙofa wajen takalma, kai kana tsakiya kana ba da labarin kunun jarirai, ana dariya. Ni ma na taɓa yi masa gori da shi, ran da muka yi faɗa. Yau na san sunan da ka ba irin wannan maginin, da hannunka ka rubuto shi.

Ramin yana nan a buɗe. Ban zuba komai ba tukuna.

Auta.

*

Auta,

Lebura ne yanzu alƙalin aikina? Mutumin da ko cokalin gini ba a ba shi ya riƙe? Ƙasa tana zaizayewa, ruwan shekara ashirin da takwas ba wasa ba ne. Ke me kika sani?

To, ko da a ce haka ne. A wancan makon ina da babban aiki na farko a rayuwata, bene, ana jirana. Katangar bayan gida ce, wa ya zaci Baba zai jingina da ita? Kuma kar ki mai da mijinki waliyyi. Ya sani. Washegarin faɗuwar ya tona ya gani, ya same ni ya ce, "Kai da gini kake ci, ni da alli. In aka ce ni ne, ba wanda zai kore ni daga aji." Ni ban roƙe shi ba. Namijin da zai ɗauki laifin wani ya zauna wajen takalma yana murmushi, shi ya zaɓi wurin zamansa. Ban taɓa ganin girmansa a kan haka ba, kuma ba yau zan fara ba.

Ki zuba kankarenki ki rufe ramin. Matattu sun tafi. Yarana uku da sunana suke samun aiki, kar ki ɓata musu saboda tumatir. Babban ɗana zai kawo miki wannan, ki ba shi amsa ya dawo da ita.

Yayanki, wanda ya goya ki.

*

Yaya,

Na gode da goyo.

Ban faɗa wa kowa ba. Kai ka aiko ɗanka, ya same ni a bakin ramin. Magini ne, kai ka koyar da shi. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya ciro abin awo daga aljihu ya auna. Ya tambaye ni aikin wane ne. Na ce ya tambayi ubansa. Ya tuɓe rigarsa ya karɓi shebur. Shi ya fasa tsohon tushen, ya kai ramin ƙafa biyu, ya kwaɓa, ya zuba.

Ga shi nan zai dawo maka da wannan. Ya ce kar in liƙe ambulan.

Ka huta lafiya.

Auta.