Wa Ya Haifi Sabi Mai Tabo?

Sinande, farkon sabuwar doya

Zuwa ga 'yata Bona,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Kwatano, yaya kasuwa? Liman ne ke rubuta mini, kin san hannuna fartanya kaɗai ya sani.

Ɗanki Biyo ya ci jarrabawa, garin nan har guɗa aka yi. Wai likita zai karanta, kuma an ba shi gurbi uku ya jera makarantun da yake so. Na ce ya sa ta birnin Paraku da ke kusa da mu a na farko, Paraku a na biyu, Paraku a na uku. Ja'irin ya yi ta dariya, wai tsoho wannan ba rabon doya ba ne da za a tara wa mutum ɗaya. Na ce shi da ko kaza ba ya iya yankawa, wa zai ba shi cikinsa?

Ba wasa nake ba, Bona. Kin san ba a saka gawa a kabari a zuriyarmu sai na tsaya a kanta na kira iyayenta ɗaya bayan ɗaya, har zuwa wanda ya sari dajin nan. Cikin jikokina kaf, Biyo kaɗai ya zauna ya koya, kuma rabi ya samu. Daga Paraku zai riƙa zuwa hutu mu ƙarasa. In ya tafi Kwatano, ko ƙasar Marokon da yake ta ambato, wa zai tarar in ya dawo? Ki yi masa magana.

Mahaifinki,
Woru Dama

Sinande, bayan sallar Juma'a

Bona,

Ina gaishe ki, ina tambayar jikin ƙaramarku. Saƙonki ya iso, na ji kin bi bayan ɗanki. Wai a can kayan aiki suka fi yawa. To, madalla.

Shekaranjiya ya daka mini sakwara da kansa, na san akwai magana. Sai ga shi ya ajiye wayarsa a gabana, wai in karanto sunayen ta riƙe masa. Na ture ta. Kakana a kunne ya zuba mini su, muna zaune a kan kaburburan masu su. Ba zan cusa iyayena cikin abin da ake kallon ƙwallo da shi ba. Ya ce to in ka mutu da su fa, angon tsohuwa? Sakwarar ma ban ci ba.

Gobe zai taho wurinki neman takardu. Ban yi masa sallama ba.

Woru Dama

Sinande

'Yata Bona,

Ina fatan kuna lafiya. Mu kam sai haƙuri, Allah ya yi wa baffanki Tamu rasuwa, mun binne shi ran Talata.

Na tsaya a kansa kamar kullum, ina kira, har na iso kan Sabi Mai Tabo. Nan bakina ya tsaya. Sunan ubansa ya ɓace mini ɗungum. Na waiga hagu inda Biyo ke tsayawa, ba kowa. Sai na tsallake na ci gaba.

Bona, ba wanda ya ɗaga kai. Dattawa duk suna wurin. Aka shafa fatiha, aka yi ta yaba mini, wai muryata ba ta tsufa ba. Mutum guda ya faɗi daga zuriyarmu a gaban gari, ba wanda ya ji faɗuwarsa. Ashe na daɗe ina kiran mutanen nan ni kaɗai nake jinsu.

Ki gaya wa yaron ya jera makarantunsa yadda ransa ke so. Ko Marokon ne, na yafe. Ki saya masa rigar sanyi.

Abu ɗaya nake roƙo. Har yau sunan bai dawo mini ba, abinci ma ba ya shiga. Wurin yana cikin rabin da Biyo ya haddace. Ki tambaye shi cikin hira, wa ya haifi Sabi Mai Tabo, ki aiko wa liman amsar. Kada ki ce ni na tambaya.

Mahaifinki,
Woru Dama