Ranar da Baba Ya Ji Warin Gas

Frankston, Yuli

Yaya Dennis,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki? Na ce maka a waya Baba yana asibiti, sanyi ya kama masa huhu, amma da sauƙi. Gaskiya ne, sai dai bakina bai iya faɗar sauran ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar Talata da hantsi ya ji warin gas wajen mitar da ke bakin ƙofarsa. Ya kashe murhu, ya buɗe tagogi, ya buga lambar kamfanin gas da ya haddace tun muna tsohon gidanmu na unguwar Sunshine. Matar da ta ɗauka ta ce masa tun da aka raba kamfanin, kowane yanki da nasa, kuma Frankston ba tasu ba ce. Ta ce ya duba takardar gas ɗinsa, sunan masu bututun unguwar yana sama. Ta ma karanto masa wata lamba, amma ka san kunnensa, ga shi ba zai taɓa cewa a maimaita ba.

Takardar kuwa gidana take zuwa. Ni na shirya haka lokacin da muka dawo da shi kusa da ni, wai don in hutar da shi.

Ya kira ni ofis. Da aka ce mini shi ne, na ce a gaya masa zan kira anjima, don na zaci hirar itacen lemonsa na tsohon gida zai sake yi mini. Ban kira ba. Da yamma na tarar da shi zaune kan kujerar roba a waje, ruwa ya jiƙa shi sharkaf. Ya ƙi shiga, ya ƙi tafiya, wai kada wani ya wuce da taba. Na koma gida na ɗauko takardar, na kira, kafin ya shanye shayi sun zo sun ɗaure bututun.

Ban san da wane ido zan dube shi ba.

Ƙanwarka,
Marlene

Karratha, Yuli

Marlene,

Gaisuwa, da kuma sannu da jinya. Wasiƙarki ta same ni, na karanta ta a tsaye.

Ki rage wa kanki kaya, rabinsa nawa ne. Baba ya kira ni ranar, ni kuma na ɗauka. Ina shirin fita aiki, ya ce, "Dennis, kai da kake aikin haƙo gas, wane kamfani ne yake kawo wa gidana?" Na yi dariya, na ce masa daga nan bakin duniya ina zan sani, ya tambaye ki, ke ce gwamnan gidansa. Ya ce to. Bai ambaci wari ba, ni kuma ban tambayi abin da ya sa yake son sani ba. Mutumin da bai taɓa kirana da rana ba.

Kuma kada ki manta ni na matsa a sayar da gidan Sunshine, don hankalina ya kwanta ina nesa. A can da ya leƙa katanga, da matar maƙwabcinmu Zammit ta fito masa da takardarta har da farantin pastizzi, gashin fulawar nan nata.

Ina ganin bai kamata ya sake zama shi kaɗai ba. Ki tambayi likita batun gidan tsofaffin nan na coci. Zan zo ƙarshen wata mai zuwa.

Ki gaida mijinki Ray da yara.
Yayanki,
Dennis

Frankston, Agusta

Yaya,

Na gode da ka faɗa mini, ko da yake bai rage komai ba. Ina fatan kana lafiya.

An sallame shi. Na je gidan tsofaffin, akwai tsabta, akwai lambu, kuma ba gas a ɗakuna. Jiya na kai masa miyar zomo, na fara yi masa bayanin wurin a hankali. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni ko da kai muka shirya wannan ma. Na ce e. Ya ce, "Sannunku da ƙoƙari," ya ci gaba da cin abincinsa.

Da faɗa ya yi mini da ya fi. Yanzu komai na yi masa sai ya gode mini kamar baƙuwa. Ya nemi adireshinka, na ba shi.

Sai ka zo,
Marlene

Frankston, Agusta

Ɗana Dennis,

Ina gaishe ka. Na warke, sai ɗan tari.

Ba zan tafi wurin nan ba. Na je gidan waya da ƙafata, an taimaka mini na mayar da takardun gas da wuta sunana. Na san masu bututuna yanzu.

Ku biyun kuna ta rabon laifi, ba wanda ya bar mini nawa. Akwai ƙofofi a kusa da ni ranar, na ji rediyo a bayan ɗaya. Kunya ce ta hana ni ƙwanƙwasawa, tsoho kamata in ce wa baƙo ban san wanda ke kawo mini wutar girki ba.

'Yar'uwarka takan zauna a mota ta yi kuka kafin ta shigo, tana zaton ba na gani ta taga. Ni ban iya irin wannan maganar ba, uwarku ce ta iya. Ka gaya mata ta daina ba ni haƙuri. Ta shigo kawai ta zauna.

Allah ya kiyaye hanya.
Ubanka,
Salvu