Riƙon Hafiza

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Yau ni da maigidana Malam Siddiƙu muka ɗauko Hafiza daga Dangoma, can ƙasar Kalgo. Shekararta biyu da wata uku. Uwarta Hajara, ƙanwar Malam, ta cika kwana arba'in da rasuwa shekaranjiya. Ubanta direba ne, ba ya zaman gida, kakarta ta wajen uba, Inna Kubura, kuma ciwon ƙafa ya sa ta gaba, shi ya sa dangi suka ce a ba mu riƙonta.

Shekara goma sha ɗaya da aurenmu ina roƙon Allah ya ba ni yaro a ɗaki. Ban taɓa zaton ta wannan hanyar zai zo ba, kuma ban san ko ya dace in yi murna ba.

Da za mu shiga mota Inna Kubura ta kama hannuna ta ce, "Juwairiyya, amana ce. In kin ga ba ta sabo, ki maido mini ita, ba laifi ba ne." Na ce to. Har muka iso Gwandu yarinyar ba ta yi kuka ba. Ledar kayanta kawai ta ƙanƙame a ƙirji.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ba ta ci. In na miƙa mata cokali sai ta juya kai. Amma da na ajiye kwanon na shiga madafa, na dawo na tarar ta cinye rabi. Ke nan hannuna ne ba ta so.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Wuni take yi tsaye a bakin zaure tana kallon hanya. Na san wadda take jira.

Talata, 22 ga Afrilu

An koma makaranta, amma na roƙi shugabarmu ta ba ni mako biyu, wata malama ta riƙe mini aji. Na kai Hafiza asibiti awo. Ummulkhairi, maƙwabciyarmu da ke aiki can, ta ce nauyinta ya yi ƙasa kaɗan, in dinga ba ta kunun gyaɗa da ƙwai da wake. Ta tambaye ni kalmomi nawa take faɗa. Na ce ko ɗaya. Ta rubuta wani abu a kati, ta ce mu dawo bayan wata guda. Da ma ban kalli fuskarta ba lokacin da take rubutun.

Abin mamaki, Malam ya ce da ya je Dangoma kafin azumi ya ji ta tana cewa ruwa, tana cewa akuya, har da waƙa. Ina maganar ta tafi?

Juma'a, 9 ga Mayu

Wani sabon tsoro kuma. Na lura in na kira ta ba ta waiwayowa. Na tsaya a bayanta na ce Hafiza har sau huɗu, ko motsi. Na saki faranti a ƙasa da gangan, ta zabura. To kunne na ji. Ni ce ba ta amsa wa?

Malam ya ce in daina gwada yarinya kamar 'yar ajina. Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa.

Talata, 20 ga Mayu

Na gwada goya ta. Ta sandare kamar itace har na sauke ta. Na shiga ɗaki na ɗan yi kukana, na wanke fuska na fito na ɗora girki.

Lahadi, 8 ga Yuni

Mun je Dangoma gaisuwar Sallah. Ban so zuwa ba, ina tsoron Inna Kubura ta ga yadda ta rame. Muna shiga tsohuwar ta ce, "Nana, taho nan." Sai ga yarinya ta saki zanena ta tafi wurinta da gudu.

Na ce, "Inna, wace ce Nana?"

Ta dube ni ta ce, "Ashe ba a gaya miki ba? Ai sunan uwar ubana aka sa mata, ba mai kiran shi a gidan nan. Hajara Nana take ce mata tun tana jinjira."

Wata biyu ke nan ina kiran yarinya da sunan da ba ta san nata ne ba. Malam ma bai sani ba, ko ya manta.

Litinin, 9 ga Yuni

Da hantsi tana wasa da murfin tukunya a tsakar gida. Na daɗe ina shawara da zuciyata, don ji nake kamar zan ɗauki abin da ba nawa ba. Can na ce, "Nana."

Ta waiwayo da sauri, fuskarta a sake. Ba ni ta kalla ba. Bayana ta leƙa, ta leƙa ƙofar ɗaki, ta dawo ta leƙa madafa. Da ta ga ni kaɗai ce sai ta zauna a ƙasa ta fashe da wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Na rasa yadda zan yi. Na zauna kusa da ita ban taɓa ta ba. Ta yi kusan awa guda, daga baya ta jingina da cinyata ta yi barci. Ƙafata ta sage amma ban motsa ba har aka kira azahar.

Ban sani ba ko gyara na yi ko ɓarna.

Talata, 24 ga Yuni

Ta ce "ruwa". Ga Malam ta faɗa, ba ni ba. Duk da haka.

Asabar, 12 ga Yuli

Zazzaɓi kwana uku. An gwada jini, na cizon sauro ne, an ba mu magani. Ta ƙi kowa ya ba ta sai ni, kuma sai a bayana take yin shiru. Ina jin kunyar rubuta cewa wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. Allah ya yafe mini.

Yau ta sha kunu ta riƙe shi. Ummulkhairi ta leƙo ta ce an wuce wurin.

Lahadi, 27 ga Yuli

Na ƙirga kalmominta: goma sha tara. Ruwa, kaza, tafi, nawa, a'a. A'a ta fi yawa. Malam "Kawu" take ce masa. Ni ba ta kira na da komai, zanena kawai take ja. Ummulkhairi ta ce sa'o'inta sun fara haɗa kalma biyu, amma kada in damu, tana tafe. Kowa cewa yake kada in damu.

Alhamis, 7 ga Agusta

Inna Kubura ta aiko. Uban Nana ya dawo daga tafiya, suna so a kai ta ta kwana uku. Malam ya ce haƙƙinsu ne, kuma na sani. Na haɗa mata kaya, na sa gidan sauro, na rubuta wa Inna abin da take ci a takarda duk da na san ba karantawa za ta yi ba.

Na ce wa Malam, "In ta ƙi dawowa fa?"

Ya ce, "Sai mu yi haƙuri, mu riƙa zuwa."

Shi komai da sauƙi yake faɗarsa.

Asabar, 9 ga Agusta

Na share gidan sau biyu. Ba abin da ya yi datti.

Litinin, 11 ga Agusta

Malam ya dawo da ita. Ya ce ba ta yi gardamar shiga mota ba, kuma Inna ta ce a gaya mini ta ga kumatu. Amma da na buɗe hannu Nana ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, ta tafi wurin kaji. Duk wunin yau ba ta kalle ni ba. Ummulkhairi ta ce fushi take yi don na bari aka tafi da ita, wai alama ce mai kyau. Ni dai ban ga kyanta ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Na kwana biyu ban rubuta ba, ba lokaci.

Yau na bar man gyaɗa a ƙasa na je shanya, na dawo na tarar ta tuttule shi kaf a kan tabarma tana shafa wa kanta. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ta ce, "Nawa ne." Na ce ba naki ba ne. Ta kwanta tana birgima tana ihu, ni kuma na ƙyale ta na ci gaba da wanke tabarmata. Da ta gaji ta taso, majina har baki, ta zauna a kan ƙafata ta sa hannu a kwanon ɗanwakena.

Malam yana zaune yana kallonmu. Ya ce, "Yau dai an yi wa Nana faɗa." Na ce to man gyaɗa ne fa, kwalba guda. Ya yi dariya.

Takalminta ya matse ta, ɗan yatsan har ya yi ja. Gobe in na shiga kasuwa zan sayo wani. Zan ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarta, ya kai mu baɗi.