Takubban katako

Alhamis da dare, Fabrairu 2011, unguwar Abbasiya

Ni na jawo, ni da shegen son burgewata.

Wata guda ina koya wa yaranmu a gida tarihin sarakunan Mamluk da suka taɓa mulkin ƙasar nan. Yau muka gama, na ce sai mun yi walima irin ta zamanin: tabarma, fitilar mai, gurasa da miyar ƙananan waken nan adas, kowa da rawani. Takubba kaɗai suka rage. Na matsa wa mijina, Abban Hafsa, ya karɓo su wurin kafinta. Ya ce gari ba lafiya da wannan zanga-zangar, a bari. Na ce haba, layi biyu ne fa. Har fentin azurfa na sa aka shafa musu.

Samarin da ke gadin unguwa da sanduna tun da 'yan sanda suka janye suka tare shi da magariba, baƙo da takubba uku a buhu. Ba wanda ya tsaya tambaya. Suka fasa masa goshi, suka tattake shi a ƙasa, sai da mai gadin gidanmu ya kutsa yana ihu cewa katako ne. Wai sai suka ce masa "ma'alish", wato ya yi haƙuri. Ma'alish! Allah ya isa.

Ya shigo jini har ƙirjin jallabiya, bai ma saki buhun ba. Yaran da ke jere da rawunansu suka hau tafi. Hafsa ta ruga ta rungume shi.

"Abba, ka fi kowa shiri! Da me ka yi jinin?"

Ya dube ni, ya ce mata, "Tambayi Ummanki."