Kaltume Ba Za Ta Durƙusa Ba

Unguwar Shanu, Kaduna.
Ranar Litinin.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Na'ima da yara, kuma ciwon bayan da kujerar ofis ta jawo maka ya yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwa, ita ma ta gane ba na kula ta.

Za ka yi mamakin wasiƙa daga nan zuwa Malali, tafiyar da ba ta kai shayi ya huce ba. Dalili shi ne in na kira ka sai ka zo ka zauna a ƙasa, ka sunkuyar da kai, ka amsa mini da ladabi, ka tafi ka yi abin da ka ga dama. Ga shi sunan mahaifina gare ka, bakina ba ya iya yi maka faɗa. To biro bai san wannan kunyar ba.

Na gama karanta littafin 'yarka Juwairiyya. Ta bugo mini shi da manyan baƙaƙe saboda idona. Ni da na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci da furfura a gemu, yau ga ni ina bin rubutun jikata da yatsa. Na karanta shi a bakin shagona na kafinta, na yi dariya har maƙwabcina mai gyaran fanka ya leƙo ya ga ko lafiya. Tun da na kama sana'a ban taɓa barin katako ya wuni a rana ba sai saboda littafin nan.

Na san labarin soyayya ne na matasa, ba don irina aka yi shi ba. Na kuma yarda tauraruwar, Kaltume, ba ta da daɗin zama. Saurayinta Suhaib, mai gyaran waya a Kurmin Mashi, ya turo mata saƙon soyayya, ta gyara masa kurakuran rubutu ta mayar masa. Ƙawarta ta yi lalle, ta ce mata kamar kaza ta bi ta hannun. Ga kishi, ga son girma, ga shi ba ta iya cewa a yi haƙuri ba. Akwai wurin da ni kaina na so in ranƙwashe ta. Amma ban iya ajiye ta ba, kuma Suhaib ma bai iya ba.

Juwairiyya ta gaya mini masu karantawa a waya suna ta zagin Kaltume, amma kullum su ne farkon neman babi na gaba, har wata mai ɗab'i ta ce za ta fitar da shi littafi. Ta kuma ce ka kafa sharaɗi: ba za a buga ba sai ta ƙara babin nadama, Kaltume ta durƙusa gaban Suhaib tana kuka tana neman gafara. Ban yarda ba, Abba. Na rubuta ne don ka san ban yarda ba.

Ka gaida mini Na'ima da ƙananan. Amaryata Juwairiyya kuwa ka ce mata mijinta na Unguwar Shanu yana nan bayanta.

Mahaifinka,
Audi Kafinta.


Unguwar Shanu, Kaduna.
Ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Abba,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kun tashi lafiya, ya aiki, ya fama da jama'a. Na'ima ta zo jiya da funkaso da miyar taushe, Allah ya yi mata albarka. Na ci funkason, amma amsar da ka aiko ta da ita ba ta wuce mini maƙogwaro ba.

Ta ce tsoronka matan abokan aikinka suna karantawa, za a ce halin Juwairiyya ne ta rubuta, masu neman aure su gudu. Wannan tsoron uba ne, ban raina shi ba. Amma ta ce ka kuma ce babu 'yar gidan mutunci da take da halin Kaltume. Nan ne na ajiye cokali.

Abba, irinta ce ta haife ka.

Ranar da mahaifiyarka Rahmatu ta rasu, duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya ce Hajiya mai haƙuri ce. Na yi ta gyaɗa kai, don haka ake faɗa wa kowane mamaci, ko da bai taɓa haƙuri da ƙuda ba. Kun ji an maimaita, kuka karɓa, har kuka rataye hotonta a falo kamar wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta, amma Rahmatu ba mai haƙuri ba ce. Ni ne mai haƙurin gidan nan, kuma babu wanda ya yaba mini.

Ranar da na fara zuwa zance, ta cinye tsiren da na kai, ta ce hulata ta karkace, kuma abokin da ya raka ni ya fi ni iya magana. Ka duba babi na biyu, yana nan. Lokacin da kake firamare, in an kawo takardar sakamakonka sai in dangwala yatsa. Ta sa mini suna Mai Dangwale, tana kira na haka har gaban baƙi, sai da haushi ya kai ni ajin yamma. Ban taɓa jin ta ce in yi haƙuri ba. In ta san ta yi mini laifi, sai in tarar da ƙashin miya mafi nama a kwanona, ita kuwa ta juya baya tana faɗa da kaji. Da aka kwantar da ni asibiti ta kori kowa, ta yi jinyata ita kaɗai, tana yi mini masifar wai ko ciwon ban iya ba.

Bayan rasuwarta Juwairiyya ce kaɗai take zama ta tambaye ni yadda kakarta take, ni kuma na gaya mata gaskiya. Ta ɗauka, ta sa mata waya a hannu da jakar makaranta, ta kira ta Kaltume. Shekarun nan ina zaune da hoton wata baiwar Allah mai sanyi da ban sani ba, sai a littafin nan matata ta dawo mini da bakinta.

Yarinyar ta bi umarninka. Ta rubuta babin nadamar, ta kawo mini shi idonta jajir. Na karanta. Wata mata ce ta durƙusa tana sharɓar hawaye, ban san ko wace ce ba, Suhaib ma da zai yi magana zai ce an canja masa budurwa.

'Yarka ce, hukunci naka ne, ba zan ƙwace maka ba. Amma Na'ima ta ce babin farko kawai ka karanta. Ka karanta duka. In bayan haka ka ce sai ta durƙusa, ka sani mahaifiyarka kake durƙusarwa a bainar jama'a, abin da ni mijinta ban iya ba, ban kuma taɓa so ba.

Ina gaida kowa da kowa.

Mahaifinka,
Audi Kafinta.


Unguwar Shanu, Kaduna.
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Abba,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan iyali suna cikin ƙoshin lafiya. Ni kam yau ko gwiwar ta yi shiru.

Juwairiyya ta faɗo shagona da safe ko sallama ba ta gama ba, ta kusa ture mini tukunyar gam. Ta nuna mini takardun. Na ga ka bi su shafi shafi da jan bironka na ofis, na ga ka ja layi biyu a kan babin nadamar, ka rubuta a gefe cewa ba a amince ba, har da sa hannu da kwanan wata. Allah ya yi maka albarka. Na'ima ta ce ka wuni a falo ranar Asabar kana karatu kana dariya kai kaɗai, daga baya ka ajiye takardun, ka ƙi cin abinci. Ban tambayi dalili ba, na san wurin da ka kai a littafin.

Na riga na gaya wa mutanen masallacinmu za a buga littafin jikata. Wani ya ce ya ji tauraruwar fitsararriya ce. Na ce masa haka ne, ya saya ya gani.

Saura magana ɗaya. Gyara guda ka yi a duk littafin: inda Kaltume ta kira Suhaib sakarai, ka soke ka rubuta gaula, ka ƙara da cewa haka Mama take faɗa. A nan ka yi kuskure. Gaula naku ne, ku yara, da mai kawo ruwa, da duk wanda ya taka mata shanya. Sakarai mutum ɗaya take ce wa a duniya, kuma sai ta rage murya take faɗa. Na sa Juwairiyya ta mayar da ita yadda take. Ka yi mulki a kan 'yarka da littafinta yadda ka so, amma wannan kalmar tawa ce, ba gado ba ce, ba za a raba ta ina raye ba.

Ka gaida Na'ima, ka ce funkason ya ƙare.

Mahaifinka mai sa maka albarka,
Audi Kafinta.