Zanen Jirgin Babana a Teburin Mai Tsire

Zuwa ga Shugaban Ma'ajiyar Tsofaffin Takardun Layin Dogo da Ramukan Kwal, Enugu.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a ne saboda na sha zuwa ofishinka ban taɓa dacewa da ganinka ba, ga shi kuma lokaci ya ƙure mini.

Sunana Shehu Garba. A nan Enugu aka haife ni, a unguwar Hausawa. Sana'ata gwangwan: in sayi mataccen ƙarfe, in yanka da gas, in loda zuwa Anaca. Ban taɓa jin tausayin ƙarfe ba, domin mai tausayin ƙarfe ba ya cin abinci a wannan sana'a. Ga abin da ya kawo ni.

Na ɗaya. Bara ni da abokan sana'ata biyu muka sayi tarin ƙarafa a gwanjo, a wani tsohon fili kusa da ramukan kwal. Da muka sare ciyawa sai ga ɗan ƙaramin kan jirgi mai aiki da tururi, irin na siririn layin nan da ke jan kwal daga bakin rami, wanda faɗinsa bai kai na layin Fatakwal ba. Mahaifina, Malam Garba, wanda duk unguwa ke kira Garba Faya, ya yi ƙuruciyarsa yana zuba wa irin waɗannan jiragen kwal da shebur. Yanzu ya tsufa, idonsa ya tafi. Na ɗauko shi a mota don ya ɗan sha iska, har ina tsokanarsa cewa zan kai shi gaisuwa wurin tsohon ubangidansa kafin in yanka shi. Da muka isa ya sa hannu yana lalube, ya hau matakala da ƙyar, ya miƙa hannu gefen ƙofar murhu kamar mai neman abu a ɗakinsa. Sai ya kama wata 'yar ƙugiya. Ashe shi ya lanƙwasa ta da hannunsa, a nan yake rataye butarsa don ruwan alwala ya yi ɗumi. Ya zauna a matakala yana riƙe da ita. Tun daga ranar na kasa kunna gas a kusa da jirgin nan.

Na biyu. Akwai wani tsohon injiniya maƙwabcinmu, ɗan ƙasar nan, wanda muke kira Baba Injiniya. Ya duba jirgin ciki da waje, ya ce zai iya tashi. Amma ya ce tukunyar da ke dafa ruwa ta ba da tururi ba a gyara ta da ƙiyasi. Sai an san kaurin ƙarfenta na asali da iyakar ƙarfin da aka yi ta ta ɗauka, in ba haka ba ta fashe ta kashe mutane. Ya ce ko me zan ba shi ba zai taɓa ta ba sai ya ga zanenta. Shi ya faɗa mini cewa kowane jirgi da zanensa ya zo daga wurin maƙeransa na ƙasashen waje, manyan takardu shuɗɗa masu farin layi, kuma a ma'ajiyarku aka tara su.

Na uku. Na yi ta sintiri a ofishinku. Yau a ce ba ka nan, gobe a ce makullin sito yana hannun wanda ya yi ritaya. An tura ni Fatakwal, na kwana wurin 'yan'uwa a Borokiri, da safe ma'aikatan ofishin can suka ce ai takardun kwal ba su taɓa barin Enugu ba. Na dawo. Daga ƙarshe wani ma'aikacinku, mutum mai fara'a, ya ce in haƙura, zanen ya ƙone tun lokacin yaƙin basasa. Na yarda da shi, don yaƙi ya ci abin da ya fi takarda. Na koma gida da niyyar in fara lallashin tsoho.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin kukana. Wata ranar Juma'a da yamma na tsaya wurin Malam Isa mai tsire na saya wa Babana, don yana son mai taushi. Na zo gida na buɗe, sai na ga takardar da aka naɗe naman shuɗiya ce, mai kauri, da fararen layuka. Rabin ƙafar jirgi ne a jiki, ga lambobi a gefe, ga hatimin ma'ajiyarku a kusurwa, man nama ya jiƙa shi amma yana karantuwa. Na juye naman a faranti na ruga gidan Baba Injiniya. Ya shimfiɗa ta a tebur, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ƙafar irin jirginmu ce.

Na koma wurin Malam Isa. Ya ce shi bai taɓa samun takarda mai kyau irin wannan ba: ba ta yoyon mai, ba ta yagewa, kuma guda ɗaya in ya yayyanka ta kan sallami masu saye da yawa. Wurin wata mata mai sayar da tsofaffin takardu a kasuwa yake saye. Ita kuma ta ce a kilo ta saya hannun masu shara, waɗanda aka sa su kwashe wani ɗaki da rufinsa ke yoyo. Ban ga laifin Malam Isa ba, ban ga na matar ba. Ni ma da nake wannan magana, in na kalli inji nauyinsa nake fara gani. Amma Yallaɓai, abin ya yi mini ciwo. An ce mini wuta ta cinye takardun nan tun ina yaro, ashe suna nan, mu ne muke cin tsire a cikinsu muna jefarwa a kwata.

Na karɓi ragowar da ke ƙarƙashin teburin Malam Isa, na bi masu tsire da masu ƙosai na unguwa ɗaya bayan ɗaya, har ana yi mini dariya wai Shehu ya bar ƙarfe ya koma bola. Mun harhaɗa abin da ya samu a tsakar gidan Baba Injiniya. Mun sami zanen ƙafafu, mun sami na bututun hayaƙi, mun sami wani ɓangare na birki. Na tukunya kuwa ɗan gutsure kawai ya samu, kuma daidai wurin da aka rubuta kaurin ƙarfen mai da yaji sun cinye lambar. Matar ta ce abin da ta saya bai kai rabin ɗakin ba. Ke nan akwai sauran fata.

Na biyar. Jirgin nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Abokaina sun yi haƙuri da ni fiye da yadda na zata, amma suna da iyali, mai fili kuma yana son filinsa. Mun yi magana cewa da zarar damina ta ɗauke, hanya ta bushe yadda babbar mota za ta iya shiga, in ba a fara gyara ba za a yanka. Gaskiyarsu ce, ban yi musu ba. Ruwa kuwa ya fara ja da baya.

Saboda haka ina roƙonka abubuwa kaɗan. Ka sa a dakatar da fitar da takarda daga wannan ɗaki tun yau. Ka ba ni izini ni da Baba Injiniya mu shiga, da ma'aikacinka tsaye a kanmu, mu nemi zanen tukunyar mu ɗauki hotonsa da waya. Ba za mu fita da ko ƙyalle ba. Idan ya riga ya tafi kasuwa, a duba mana ko an taɓa aika kwafinsa wani wuri, ko aƙalla a faɗa mana sunan maƙeran, don farantin tagulla mai ɗauke da sunansu an daɗe da ɓalle shi daga jikin jirgin. Gutsattsarin da na tara naku ne, zan kawo su da hannuna, sai dai ku yi haƙuri da ƙamshin yaji. Idan kuma yoyon rufi ne ya jawo duk wannan, ina da kwano mai kyau a shagona, zan bayar a rufe ɗakin.

Ba na zarginka da cewa kai ka sa a sayar, mai yiwuwa ma yau ka fara ji. Amma yanzu ka ji.

Babana bai san da maganar wa'adi ba. Kullum da safe in na shiga gaishe shi ba ya tambayar zane, tambayarsa ɗaya ce, ko an zuba wa tukunya ruwa. Ya ma sa an wanke masa tsohuwar butarsa an ajiye kusa da shimfiɗarsa. A cikin mu uku kuwa ni ne mai yanka. Idan damina ta wuce ban ji daga gare ka ba, da hannuna zan kunna gas ɗin, kuma ni zan shiga in faɗa wa tsohon. Ina roƙonka ka raba ni da wannan safiya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a aikinka, ya sa ka gama da naka iyayen lafiya.

Wassalam.

Naka,
Shehu Garba Mai Gwangwan,
Unguwar Hausawa, Enugu.